Yadda Muka Auna Faddan da Tubalan Kwamfuta a Maiwurno

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ina koyar da lissafi a wata makarantar firamare a Maiwurno, garinmu na bakin Nilu kudu da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan hijirar da ta biyo yaƙin Burmi na 1903. Yaranmu da Hausa suke kwana suke tashi, karatu kuwa da Larabci. Babin awo, wato kewaye da faɗin fili, shi ne inda nake rasa yara da yawa. Za su rera maka ƙa'ida tiryan-tiryan, amma ka ɗan juya tambayar sai aji ya yi tsit.

Wannan ne ya kai ni ga wasannin gini na kwamfuta. Wanda ya fi suna shi ne Minecraft, wanda aka ƙirƙira a Suwidin, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, ya kuma fitar da na makarantu a 2016. Sai dai yana buƙatar lasisi, biyan kuɗi ta intanet daga Sudan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Na koma ga Minetest, wanda aka sauya wa suna zuwa Luanti a 2024. Kyauta ne, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa, kuma ba ya neman intanet: kwamfuta ɗaya ta buɗe filin wasan, sauran su shigo ta ƙaramar na'urar waifai. Duniyar wasan duk tubala ce masu kusurwa huɗu, kowane tubali a matsayin mita ɗaya ta kowane gefe. Abin da malamin lissafi yake nema ke nan.

Kwamfutocinmu tsofaffi ne na aro, ba su da yawa, don haka yara uku-uku suke zama: mai gini, mai riƙe da takarda, mai ƙirga. Ina sauya su da agogo, domin in ka bar su da kansu, 'yan mata ba za su taɓa linzamin ba har a tashi. Na kashe faɗa da mutuwa a cikin wasan, na cire abin fashewa. Dokar da ban taɓa sassautawa ba ita ce ba a kunna kwamfuta sai an fita tsakar makaranta da igiya an auna, an dawo an zana a littafi. Ta kuma yi mana rana ta wata fuskar, don duk ranar da aka ɗauke wuta rabin darasin yana hannu.

Aikin farko ɗaki ne mai mita 4 a faɗi, 5 a tsawo. A littafi kewayensa 18, kowa ya rubuta haka. Da aka zo gini, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Ya Ustaz, tubalan ba su isa ba. Saura huɗu."

Na ce ta nuna mana. Ta zagaya da mu ginin a kan allon kwamfuta: an jera 18, ga kusurwoyi huɗu a buɗe. Bango yana da kauri, layin fensir ba shi da shi, shi ya sa ginin ya ci 22. Wani yaro ɗan magini ya yi tsalle ya ce ai babansa kullum yana tambayar mai gida, awon ciki kake so ko na waje? Aji ya kaure da gardama, rabi Hausa rabi Larabci, ni kuwa na ja gefe na bar su. Ban taɓa jin yara suna musu a kan kewaye da zafi haka ba. Sai da suka fahimci abin da hannunsu sannan na ɗora masa sunansa na littafi, kuma ya zauna.

Daga nan muka shiga gona. Faddan ɗaya, wato ma'aunin gona a Sudan, murabba'in mita 4,200 ne, adadin da yaro zai haddace bai san girmansa ba. Muka shata 60 sau 70 a wasan, suka yi tafiya a cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan. Sai na ba kowace ƙungiya shinge daidai wa daida, na ce a kewaye fili mafi girma. Masu dogon siriri suka ga nasu ya yi kaɗan, masu daidaita gefuna suka cinye. Ban faɗa musu dalili ba, su suka faɗa mini.

Iyaye ba duka suka yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin yaran, wanda ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira, babban yankin noman ban-ruwa na Sudan, ya same ni a ƙofar makaranta.

"Malam, mun kawo su karatu ne ko wasa?"

"Baba, don Allah ka shigo gobe ka gani da idonka."

Ya zo ranar da muke haƙa hanyar ruwa. A wasan, ruwa yana gudu 'yan tubala ne ya tsaya, sai an saukar da ƙasa mataki ɗaya sannan ya ci gaba. Yaran sun maƙale, ruwa ya ƙi kai ƙarshen gona. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da sandarsa ya ce ruwa ba ya hawa tudu, a rage ƙasa a nan. Ya zauna ya ba su labarin yadda ruwa ke fitowa daga madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, ya bi babbar tur'a, wato babbar hanyar ruwa, ya shiga ƙaramar hanya da ake kira abu ishirin, ya ƙare a mafi ƙanƙanta, abu sitta, cikin hawasha, wato gonar manomi, duk da gangara kawai. Jikansa ya rinƙa kallon abokansa yana murmushi.

Akwai abin da dole malami ya faɗa wa yara ƙarara: wasan yana ƙarya a wasu wurare. Tubali yana tsayawa a iska ba ginshiƙi, damina ba ta cin bango, ruwa ba ya ƙarewa. Na mayar da wannan darasi shi ma, ina tambayarsu, a ginin nan me zai rushe in a unguwarku ne? Haka kuma ban yarda da gini mai kyau a matsayin shaidar fahimta ba. Wasu gwanayen hannu ne, su gina bene har da taga, lissafin kuwa na abokinsu ne. Saboda haka kowane aiki da takarda yake ƙarewa, kowa shi kaɗai, kwamfuta a kashe, da awon da bai taɓa ginawa ba.

Wanda zai gwada, ya fara da babi ɗaya da ya san yana ba yaransa wuya, ya ware wa kwamfuta kashi ɗaya cikin uku na lokacin darasi, sauran na igiya da fensir. Ya kuma riƙa ajiye kwafin filin wasan a filasha duk mako, don tsohuwar kwamfuta ba ta sallama kafin ta mutu.