Kayan yara na daren liyafa a jirgin ruwa: inda ɗinkin ya kai

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a kayan yaran nan uku: namiji ɗan shekara 6, mace 'yar shekara 8, da ƙanensu ɗan shekara 2, waɗanda za su yi mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa. An gama wandon namijin da falmaran ɗinsa, rigar macen tana jiran zif da kalmasa, na ƙaramin kuwa ko almakashi ba a sa ba tukuna.

Ga wanda bai san tsarin ba, waɗannan manyan jiragen suna ware wasu darare da ake cin ado kafin a shiga babban ɗakin cin abinci. A tafiyar kwana 7 yawanci dare biyu ne, a ta kwana 3 ko 4 kuma dare ɗaya. Tsananin dokar ya danganta da kamfani. Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke ratsa Tekun Atlantika tsakanin Ingila da Amurka, shi ne ya fi riƙe al'adar, manya sai da baƙar kwat da nakatayi. Royal Caribbean da Carnival sun sassauta sosai. Norwegian kuma ba ya tilasta wa kowa. A ko'ina dai ba a matsa wa yara kamar manya: riga mai kwala da dogon wando mai tsabta sun wadatar, abin da ba a so shi ne kayan iyo, silifa da singileti. Saboda haka kada kowa ya ɓata mako uku yana fama da kwat mai kafaɗa don yaron da zai tuɓe ta kafin a kawo abinci na biyu.

Abubuwa uku ne suka jagoranci duk wani yanka da aka yi. Ba a barin dutsen guga a ɗakin fasinja, don wuta ita ce babbar abin tsoro a jirgi, in an gan shi a akwati riƙe shi ake yi sai ranar sauka. Abincin dare kashi-kashi ake kawo shi, zaman kan kai awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Sannan tikitin irin wannan tafiya da watanni ake yankarsa, yaro kuwa a waɗannan shekarun yana ƙara kusan inci 2 zuwa 2 da rabi a shekara. Kayan da suka gaza a ɗaya daga cikin ukun nan, ko sun kai ina a kyau, ba su yi ba.

Maganar yadi ita ta fi cin lokaci, kuma ta cancanta. A yanko ƙyalle kamar tafin hannu daga kowane yadi, a damƙe shi a hannu na rabin minti, a sake, a duba bayan minti biyar. Lilin ya faɗi nan take. Farin yadin auduga zalla shi ma ya riƙe tamoji. Wanda ya ci shi ne yadin kwat mai haɗin roba da biskos (zare mai laushi kamar siliki), da kuma kiref (yadi mai ɗan gurzan fuska) mai ɗan nauyi, duka biyun sun miƙe da kansu. Sai gwaji na biyu: a ɗiga ruwa, miyar tumatir da narkakkiyar cakulan a kan ƙyallen, a goge da jiƙaƙƙen tsumma da sabulun wanka, domin abin da uwa za ta samu a ɗakin jirgi ke nan. Satin mai sheƙi ya ba da kunya a nan, ruwa kaɗai ya bar masa zobe. Don haka ya koma ɗamarar rigar macen kawai, inda ba ya fuskantar cokali. A wanke duk yadin da ke da auduga kafin a yanka, musamman na shafi. In shafi ya ja bayan wankin farko, fuskar riga za ta yi jaka-jaka, kuma babu gyara sai warwara.

Wandon namijin an yi shi da shuɗi mai duhu, yadi ɗaya mai faɗin inci 60 ya isa har da saura. Ƙugun yaron inci 22 ne, amma an yanka bel a kan 25. Gaba a miƙe yake kamar na manya, baya kuma an yi masa gidan roba, aka zura roba mai ramukan maɓalli, mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci. Kowane bakinta yana fitowa ta wata 'yar ƙofa a ciki, kusa da ɗinkin gefe, ya maƙale a maɓalli. Yau a ja, bayan wata huɗu a saki rami biyu. Abin da kan lalace a nan shi ne a yi gidan robar daidai da faɗinta cif-cif, sai ta riƙa naɗewa tana murɗewa; a ƙara kwata na inci. A bakin ƙafa an bar inci 2 da rabi, an kama da hannu da dogon ɗinki mai sauƙin warwarewa, kuma ba a danne karin da guga mai zafi ba, don kada layin ya zauna in an sake shi. Hantsa ta baya an ƙara mata rabin inci a tsawo. Wando a tsaye kowa yana yi masa kyau, sai an zauna ake gane na gaskiya, saboda haka a gwada wa yaro yana zaune a kujera, ƙafafunsa suna lilo. Kuma a tabbata zai iya buɗewa da kansa in fitsari ya matsa: ƙugiya ɗaya ta fi maɓalli mai tauri.

Falmaran shi ne ya ɗauki nauyin adon, kuma an yi shi mai fuska biyu, ɗaya shuɗi irin na wando, ɗaya ruwan toka mai ƙananan zane. Dare biyu, kaya biyu a hoto, wuri ɗaya a akwati. Rabin yadi na kowanne ya isa. Ƙirjin yaron 24, an ƙara 3 saboda riga tana ciki. Tsawonsa ya sauka inci ɗaya ƙasa da bel ɗin wando, in ba haka ba da ya ɗaga hannu sai farar riga ta leƙo a tsakani. Gam mara nauyi, wato ƙyallen da ake manna wa yadi daga ciki don ya ƙara ƙarfi, aka sa a gaba kawai, inda maɓallai za su zauna. Wurin da masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne juyawa. A haɗa kafaɗun kowace fuska daban, a kifa su fuska da fuska, a ɗinke wuya, gaba, ƙasa da zagayen hammata, a bar gefuna a buɗe. Kafin a juya sai an tsattsaga bakin ɗinki a duk lanƙwasa, kowane rabin inci, an kuma datse kusurwoyin ƙasa. Wanda ya tsallake wannan zai ga hammata ta tattare, guga ba zai kwantar da ita ba. Ana jawo gaban ta cikin kafaɗa, sannan a rufe gefuna. Maɓallai biyu-biyu ake ɗinkawa baya da baya da zare ɗaya, a bar ɗan tazara tsakaninsu da yadin don su shiga rami.

'Yar nakatayin malam-buɗe-littafi aikin minti ashirin ce da ragowar ƙyalle. Abin lura ɗaya: igiyar wuyan ta zama roba mai laushi mai maɓallin dannawa, wadda za ta ɓalle da kanta in wani abu ya fizge ta. Ba a ɗaure wa yaro abin da ba ya kuncewa a wuya.

Wanda ya fi son kaftani ya yi, babu mai hana shi. A irin waɗannan darare ana ganin mutanen Sukotlan da tufarsu ta gargajiya, matan Indiya da sari. Shadda ma tana da wata fa'ida da yadin kwat ba shi da ita: in an ninke ta da kyau aka danne a ƙasan akwati, karin ninkin ba aibi ba ne, da shi ake sa ta a gida ma. Sai dai a taƙaita tsawon rigar a gwiwa, hannu ya ƙare da maɓalli ɗinkakke maimakon links da za su faɗa ƙarƙashin tebur, a kuma shafe bayan aikin wuya da yadi mai laushi, don zaren aiki yana ƙaiƙayi a fatar yaro. Babbar riga a bar ta a gida, hannunta a miya zai ƙare. Hula kuma a riƙe ta a hannu in an fita bene, iskar teku ba ta mayar da abin da ta ɗauka.

Rigar macen ce ta fi tambayoyi. Saman an shafe shi da auduga mai laushi, ƙirji 26 an ƙara 2. Siket ɗin an yi masa tattara ninki biyu na faɗin ƙugu, ba uku ba. Ninki uku yana cika ido a jikin gunkin nuna kaya, amma yana cinye rabin akwati, kuma yarinya ba ta iya zama a kujera sai ya taso mata har ƙirji. Tsawo ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Jirgi matakala ne ko'ina, wasu ƙofofin suna da dokin ƙofa mai tudu, ga ƙasa tana ɗan motsi, riga mai jan ƙasa faɗuwa ce kawai take jira. A ciki a haɗa mata da ɗan wando mai kama jiki mai launin rigar, saboda iska. An sa net ɗaya tak, tsakanin fuska da shafi, kuma bakinsa a ƙugu an lulluɓe shi gaba ɗaya. Ko zare ɗaya na net ya taɓa fata, kuka za a sha kafin a kai tebur. Duwatsu da ƙyalƙyali ba sa zuwa kusa da hammata, suna goge cikin dantse.

Ɗamarar an fara tsara ta da babban ƙulli a baya, aka sauya. Yarinyar da za ta jingina da kujera awa biyu ba ta buƙatar dunƙule a gadon bayanta. Yanzu ƙullin yana gefen hagu, ɗamarar kuma ita ce ke tsuke inci biyun da aka bari na girma. Zif ɓoyayye shi ma an fasa shi, domin yana cijewa daidai inda tattara ta yi kauri a ƙugu, kuma in ya fashe a tsakiyar teku babu tela. Zif na yau da kullum mai inci 12 za a sa, da 'yar ƙugiya a sama, da ɗan ƙyalle a bayansa don kada ya kama fata ko gashi. Ragowar kiref ɗin da aka yi rigar da shi zai zama 'yar gajerar jaket mai dogon hannu, saboda na'urar sanyaya ɗakin cin abincin ba ta wasa, ko da jirgin yana Bahar Rum ne a tsakiyar bazara.

Takalma ba aikinmu ba ne, amma a gaya wa iyaye: tafin roba, kuma a saka su a gida na 'yan kwanaki kafin tafiya.

Wajen shiryawa, kowace tufa a saka ta cikin leda mai santsi irin ta masu wankin kwat, sannan a ninke sau ɗaya ko a naɗe. Ledar ce ke hana yadi danne kansa. Da akwati ya iso ɗaki a fito da su a rataye, don daren ado na farko yakan faɗo a dare na biyu. Sauran tamoji tururin wanka da ruwan zafi yana sauke shi cikin minti goma sha biyar. Jiragen Cunard, Princess da Disney suna da ɗakin wanki mai dutsen guga na fasinjoji, amma da yammacin liyafa layi ake yi. Na Royal Caribbean ba su da shi, sai dai a biya a goge. A soke allura biyu masu zare a ɗan kwali, da maɓallai uku na ajiya da fil mai kulle, a cusa a aljihun wando.

Saura na ɗan shekara biyu. Shi falmaran ɗin za a ɗinke shi ne a jikin rigar ta gaba kawai, ya zama tufa guda, da maɓallan dannawa a tsakanin ƙafafu don canza kunzugu, kuma biyu za a yi iri ɗaya. Kafin haɗuwa ta gaba kowa ya auna yaronsa daga kafaɗa, ta tsakanin ƙafafu, zuwa kafaɗa, da kunzugun a jikinsa, ya ƙara inci 2 a kan abin da tef ya nuna.