Abin da masu yi wa talla shaƙiyanci suka koya mini

Sana'ata ita ce haɗa wa 'yan kasuwar Maradi gajerun bidiyon talla, irin waɗanda ake turawa a WhatsApp da Facebook: mai atamfa, mai babura, mai kayan masarufi. Neman in iya motsa zane ne ya kai ni kallon gajerun fina-finan kartun, har na ci karo da wasu da ba su da aiki sai yi wa talla ba'a. A wurin waɗannan masu zolayar sana'ar na fi ƙaruwa.

Akwai Rejected, na wani Ba'amurke, Don Hertzfeldt, wanda ya fito a 2000. Bai kai minti 10 ba. An shirya shi kamar tallace-tallace ne da kamfanoni suka ba shi kwangila, suka gani suka ce ba sa so. Mutanen ciki zanen tsinke ne, irin na ɗan firamare. Wani ya riƙe cokali ƙato yana ta kukan cewa ya yi masa girma, sai ga ayaba ta shigo tana gabatar da kanta, shi ke nan an gama. Daga baya takardar da aka yi zanen a kanta ta fara cukurkuɗewa, duniyar tasu ta rushe. Na sha dariya, amma da dariyar ta lafa sai na duba tallan gaske a talabijin. Me ya haɗa ɗan ƙwallo da sabulu? Me ya sa duk iyalin da suka sha shayi sai sun tashi da rawa? Shirmen ɗaya ne, sabo ne kawai ya hana mu ganinsa.

Logorama kuma na Faransawa ne, ya ci kyautar Oscar a 2010. Birnin Los Angeles aka gina da tambarin kamfanoni sama da 2,500, 'yan sandan ciki mutumin tayar Michelin ne, ɗan fashin da suke kora kuma ɗan barkwancin nan ne da McDonald's, kamfanin shagunan abinci na Amurka, ke talla da shi. Na kunna wa yaran shagonmu. Sun gane mai tayar, amma ɗan fashin bai ba su dariya ba, don ba su taɓa ganin shagon ba balle su san cewa da shi ake lallashin yara. Ba'a ba ta cizo sai mai kallo ya san wanda ake yi da shi. In namu za a yi, ga kayan aiki birjik: katangun da kamfanonin waya suka shafe da launinsu, da mai magani da lasifika a bakin kasuwa, wanda kwalba ɗaya tasa ke warkar da basir da ciwon baya da rashin ciniki.

Kuma yin ba'a da fim ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fina-finai wanda ya zauna a Tawa, tun 1966 ya yi Bon voyage Sim, inda kwaɗi suke taka rawar shugabanni da maƙarrabansu. A 1972 ya yi F.V.V.A., wannan da mutane ne ba zane ba, a kan haukan neman mata da gida da mota da kuɗi. Abin takaici, matasa masu sana'ata da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Yanzu in ɗan kasuwa ya zo yana so a rubuta "wanda ba a taɓa ganin irinsa ba", sai in ce, "Alhaji, mu nuna kayan sosai, mu faɗi kuɗinsa da inda shago yake. Mutanen garin nan sun iya ciniki, ba sa sayen kirari." Wasu su yarda. Wasu su ce, "Yaro, sa mini yadda na ce." In sa, tunda kuɗinsu ne, sai dai in rage ƙarar kiɗan don a ji lambar wayar.