Ƙararrawoyinmu sun dawo, na gode

'Yan'uwa, jiya Lahadi ƙararrawoyin nan shida na majami'armu a nan Ingila suka tashi tare, karo na farko tun da aka hana kaɗa su saboda katakon da ke riƙe da su ya ruɓe. Na tsaya a ƙofar majami'a hawaye na zuba, na kasa shiga. Har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, amma godiya ba ta jiran hutu.

Kun san faman da aka sha wajen gyaran. Abin da ya ƙi barin raina shi ne ranar da aka sauko da babbar. Ta kafar da ke tsakiyar benen hasumiya aka zuro ta da sarƙa, sannu a hankali, sarƙar na ƙara, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Tun da aka rufe maƙerar Whitechapel a 2017, babbar maƙerar ƙararrawa ɗaya ta rage a Ingila, ta John Taylor da ke garin Lafbara (Loughborough). In ta faɗi ta tsage, ina muka ga kuɗin sake zuba ta? Sai Baba, shugaban masu jan igiyar ƙararrawa, ya kama hannuna, ashe nasa ma rawa yake. Da ta taɓa ƙasa ya nuna mini inda harshenta ya ci gefenta, ya ce za a juya ta harshen ya sami sabon wurin bugu. Ya riƙa shafa ta kamar kan jikansa.

Ya hana ni ambatonsa, amma ba zan iya ba. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matan zumunta da kuka soya ƙosai cikin sanyin nan don tara kuɗin gyara har Turawa suka yi layi, da Alhaji mai shago a kan kwana da ya ajiye mana asusu a kan kantarsa alhali ba addininsa ba ne, Ubangiji ya saka muku, ya buɗe muku ƙofofi, ya sa 'ya'yanku su ji ƙanku, ya raba ku da ranar kunya. Amin.

Dangina na Landan, na sa rai zan gan ku, har kujeru na ajiye muku. Abin ya yi mini ciwo, amma na bar wa Allah.

A ƙauyenmu ƙarfen ƙafar mota ake ratayewa a bishiya a buga kiran sujada. Yau ga shi Baba ya ce in zo ranar Laraba ya fara koya mini jan igiya.