Zafin da ba ya fitowa a takardar gwaji

Duk wanda ya yi aikin jinya a ƙaramin asibiti a cikin Katsina ya san wani rukunin marasa lafiya. Sukan shigo da leda cike da takardu: gwajin maleriya, na taifot, na suga, wani har da hoton ciki. An yi ƙarin ruwa, an sha allurai, an zaga kemis-kemis. Kukansu kusan iri ɗaya ne. Tafin ƙafa na ci da wuta da daddare, tsakiyar kai na raɗaɗi kamar an shafa barkono, yatsu na minjirya, wani abu na yawo a ƙarƙashin fata. Ka sa ma'aunin zafi a hammata, babu zazzaɓi. Ka duba fatar, ba ƙurji ba kumburi.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, zafin nan na gaske ne. Ba shagwaɓa ba ce, ba kuma neman a tausaya ba. Mutumin da fargaba ta yi wa katutu, jikinsa kullum a shirin gudu yake. Sinadarin adiranalin na zuba, zuciya na dukan uku-uku, jini na barin fata da yatsu ya koma manyan tsokoki. Numfashi kuma yana yin sauri ba tare da mai shi ya lura ba, sai ya riƙa fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima. Idan ta ragu a jini, sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi sai ya yi ƙasa, jijiyoyin su fara aika saƙo ba dalili. Nan ne leɓe da yatsu ke sagewa, wani har hannunsa ya ƙandare. Ga wuya da kafaɗa a ɗaure wuni guda, ga rashin barci, ga hankali da ya koma gadin jiki, kowane ɗan motsi sai ya ji shi ninki biyu. Zafin ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara zafin.

Amma ban taɓa yarda a ce wa mutum damuwa ce tun ba a duba shi ba. Ciwon suga na cin jijiyoyin ƙafa, kuma zafinsa ma da daddare yake tsananta. Ƙarancin bitamin B12 na kawo sagewa, musamman ga wanda ya daɗe yana shan metfomin, maganin ciwon suga. Mai shan maganin tarin fuka, isoniyazid na iya taɓa masa jijiya idan ba a haɗa masa da bitamin B6 ba. Farin tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, sai a yi tunanin kuturta. Idan kuwa sagewar ta zo farat ɗaya a ɓarin jiki guda, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan ba zancen zama a yi hira ba ne, babban asibiti za a nufa a take. Mai fargaba ma yana iya samun suga, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Wata dattijuwa ta zo mini, mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Batsari, tana zaune gidan ɗanta a cikin gari. Ta ce sai ta tsoma ƙafafunta a ruwan randa kafin ta iya kwanciya. Sugarta daidai, jininta bai hau ba, na goga mata auduga a yatsu tana ji sarai. Na ajiye biro na ce, "Iya, yaya barci?"

Ta ce, "Ina barci, 'yar nan? Ko babur ne ya wuce ƙofar gida sai gabana ya yanke ya faɗi."

A kan babura 'yan bindiga suka shigo garinsu. Ba wanda ya taɓa tambayarta wannan, ita ma ba ta ga haɗinsa da ƙafa ba. Tana ba ni labari numfashinta na sama-sama, tana murza yatsu, ta ce ga shi nan ya taso. Na ɗora hannunta a kan cikinta, muka riƙa jan iska ta hanci a hankali, muna sakinta a hankali fiye da yadda muka ja. Cikin 'yan mintoci minjiryar ta lafa. Wannan bai warkar da ita ba, amma ta ga da idonta cewa abin na da hanyar shiga da ta fita, ba sammu ba ne kamar yadda aka tsorata ta.

Mutanenmu ba kasafai suke zuwa asibiti su ce "ina cikin damuwa" ba, jiki ne ke yi musu magana. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, Raymond Prince, ya rubuta yadda ɗalibai a kudancin Najeriya ke kukan zafi da yawon wani abu a ka idan karatu ya matsa musu. Ni ma ina ganin irinsu duk lokacin da jarrabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta canza, amma har yanzu ka ce wa magidanci a kai matarsa sashen ƙwaƙwalwa, sai ya ɓata rai ya ce ai ba hauka take ba.

Shi ya sa na daina yarda da kalmar nan ta "ba ki da komai". Tana da zafi a wurin mai ciwo, kuma ita ke mayar da shi hannun masu sayar da magani a bayan mota. Abin da nake cewa shi ne, "Mun duba abubuwan tsoro ba mu same su ba, alhamdu lillahi. Yanzu bari in gaya miki inda wutar ke fitowa." Addu'a da azkar ban hana kowa ba, suna kwantar da zuciya, sai dai a haɗa da asibiti.

Wanda abin ya hana shi barci da sana'a, ina tura shi wurin likita, don akwai magani na baki da kuma zaman tattaunawa da masani. Ina ja masa kunne tun wuri cewa ƙwayar takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, kada ya watsar a kwana uku, kada kuma ya tsaya a kemis ya sayi diyazefam ko tiramadol, don sabonsu ya fi ciwon wuyar fita. Sannan in rubuta masa ranar dawowa, in ce ya zo da wanda ke da ta cewa a gidan, in yi masa bayanin shi ma.