Kaluluwa ba barikin soja ba ce kawai

Tun muna yara abin da muka sani game da kaluluwa shi ne in ka ji ciwo a ƙafa ko ƙurji ya fito maka sai ta kumbura a matsematsi, Inna ta ce ai ciwon ne ya jawo ta. Da na fara karatun garkuwar jiki ma haka na ɗauke ta, wato wurin da sojojin jiki ke taruwa su yi shirin yaƙi da ƙwayar cuta, shi ke nan. Jikin mutum yana da kaluluwa ɗaruruwa, a wuya da hammata da cikin ciki.

Toh abin da ya sauya min tunani wata tambaya ce da malaminmu ya jefo mana a lakca, ya ce ƙwayoyin T, wato wani rukuni na sojojin garkuwar jiki, ana tantance su a taimos, wannan ƴar tsokar da ke bayan ƙashin ƙirji, duk wadda ta nuna za ta kai wa jikin mai ita hari a kashe ta tun can, to waɗanda suka sulale fa? Don wallahi suna sulalewa, har a jinin mai cikakkiyar lafiya akwai su. Wa ke hana su ɓarna?

Ashe amsar tana cikin kaluluwa, kuma a wurin da ba na ko kallo idan na sa silaid a madubin lab. Akwai wasu ƙwayoyi da suka yi saƙa kamar raga suna riƙe da kaluluwar, ni na ɗauka dirkoki ne kawai. A 2007 ƙungiyar Shannon Turley a Amurka ta nuna a jikin ɓeraye cewa waɗannan ƙwayoyin suna ƙera samfurin furotin na wasu gaɓoɓi kamar hanji da kansu su nuna wa ƙwayoyin T da ke wucewa, wadda ta zabura a kansa sai a kawar da ita. Daga baya aka gano ƙwayoyin da ke shimfiɗe a magudanan ruwan kaluluwa su ma suna nuna wani furotin na ƙwayoyin launin fata, nan ne fa jikina ya yi sanyi, saboda ina da ƴar uwa da fatarta ta yi dabbare-dabbaren fari, an sha cewa sammu ne, wasu har gudunta suke wai kuturta, alhali garkuwar jikinta ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma ba a ɗaukar ciwon daga wani.

Sannan ga ƙwayoyin T masu tsawatarwa, wato masu hana sauran kai wa jiki hari, da Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995, aikin da ya sa shi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka samu kyautar Nobel a 2025. Da yawansu a kaluluwar da ke jikin hanji ake horar da su, shi ya sa muke cin tuwo da ƙosai kullum jiki bai ɗauke su abokan gaba ba.

Amma fa inda ake horon nan ne kuma rikicin ke farawa in abu ya lalace. A ɓerayen da ake gwajin ciwon suga nau'i na 1, wanda garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, da aka cire musu kaluluwar da ke kusa da fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin ɗin, tun suna sati 3, yawancinsu ba su kamu ba.

Ranar da na je gida hutu na zaunar da ƴar uwar tawa na yi mata bayanin nan da Hausa, ta daɗe tana kallon hannunta, sai ta ce in zo in maimaita a gaban Inna.