Kama da wane ba wane ba ne: shawara ga masu son harsuna

Ƙannena masu sha'awar harsuna, akwai wani tarko da ke jiran duk wanda ya fara leƙa harshen da ba nasa ba. Za ka ci karo da kalma an rubuta ta harafi da harafi kamar wadda ka sani, zuciyarka ta ce maka ai kun san juna. Na faɗa wannan tarko ta fuska biyu, kuma ba na so ku bi sawuna.

Na farko kuskuren ma'ana ne. Lokacin da nake koyon Suwahili, wani abokin aiki ya turo mini gajeren saƙo: “Gari limeharibika.” Na ga “gari”, na kuma gane cewa kalma ta biyu tana da alaƙa da “kharaba” ta Larabci, wato rushewa ko lalacewa. Ban tsaya tambaya ba na shaida wa sauran abokan aiki cewa rikici ya ɓarke a garinsu, hankalin kowa ya tashi, aka yi ta kiran waya. Ashe motarsa ce ta lalace a hanya. A Suwahili “gari” mota ce, kuma sun aro kalmar ne daga harsunan Indiya. Rabin fahimtata daidai ce, kuma wannan rabin ne ya ba ni ƙarfin gwiwar yaɗa abin da ban tabbatar ba.

Irin waɗannan kalmomi ba su ƙirguwa. “Kai” namu a harshen Hawai teku ne, a harshen Mawori na New Zealand abinci ne, a Girkanci kuma “da” ce mai haɗa kalmomi. “Tuna” a Turanci kifi ce, a bakin Turkawa sunan kogin Danube ne. “Kaka” a Suwahili wa ne, ba mahaifin uba ba. “Air” da Bature ke nufin iska da ita, a Indonesiya ruwa ce. A harshen Jojiya kuwa uba ake kira “mama”, uwa ita ce “deda”. Mu kanmu muna da wannan a gida, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: “baba” mahaifi da “baba” na rini rubutunsu ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, shi ne kuma na fi so ku kiyaye. Na ɗauki lokaci ina tara kalmomin Hausa da suka yi kama da na Japananci, ina gaya wa duk mai saurare cewa tushensu ɗaya. Wani dattijon malami ya karɓi takardar ya duba, sai ya ce, “Ɗana, kalmomi nawa ka gwada ka zubar kafin ka samu waɗannan?” Ban da amsa, domin dubban da ba su dace ba ban ko rubuta su ba.

Dalilin a fili yake. Harsunan duniya sun kai kusan 7,000, kowanne da dubban kalmomi, alhali sautukan da bakin ɗan Adam ke iya furtawa ƙalilan ne. Dole gajerun kalmomi su riƙa karo da juna. Wani lokaci ma har ma'ana takan zo ɗaya ba tare da wata dangantaka ba. A harshen Mbabaram na Ostireliya ana kiran kare “dog”, daidai da Turanci, amma masana sun gano cewa ta samo asali ne daga tsohuwar kalmar yankin, “gudaga”. Haka “bad” ta Farisanci da “bad” ta Turanci, duk mummuna suke nufi, amma kowacce da hanyar da ta biyo.

Akwai kuma akasin haka, inda tushe ɗaya ne amma ma'ana ta raba hanya. “Gift” a Turanci kyauta ce, a Jamusanci guba ce. Dukansu daga “bayarwa” suka fito, sai dai Jamusawa sun riƙa sakaya sunan guba da “abin da aka bayar” har sakayar ta zama sunan. Tsohuwar ma'anar tana nan a kalmarsu “Mitgift”, dukiyar da amarya ke zuwa da ita. Ni wannan ya fi burge ni nesa ba kusa ba, domin tarihi ne da za a iya bin diddiginsa.

Dangantakar gaskiya ba a idon mai karatu take bayyana ba. Tun bayan jawabin Baturen masanin harsuna William Jones a birnin Kalkata na Indiya a 1786, masana suka koyi neman sauyin sauti mai maimaita kansa a kalmomi masu yawa, kamar yadda “p” ta Latin ke dacewa da “f” ta Turanci: “pater” da “father”, “piscis” da “fish”. Da irin wannan aiki aka sanya Hausa cikin harsunan Cadi, 'yan babban gida ɗaya da Larabci. “Mutu” da “mata” ta Larabci, wato “ya mutu”, gado ne na kaka da kakanni, amma “littafi” aro ce daga “al-kitab”, duk da cewa a rubuce ba ta cika kama da ita ba.

Don haka idan kalma ta yi maka kama da sananniya, fara tabbatar da harshen da aka rubuta ta. Nemi mai harshen ya furta maka ita ka ji, domin sau da yawa kamar a takarda kawai take. Karanta jimlar gaba ɗaya, kada ka jefa kalma tilo cikin manhajar fassara, don takan yi kuskuren gane harshen. In kuma maganar asali ce, ka buɗe ƙamus mai bayanin tushen kalmomi ka ga yadda ake rubuta ta a da, sannan ka rubuta waɗanda ba su dace ba a gefen waɗanda suka dace kafin ka nuna wa kowa jerinka.