Daga Landan: Inda Ake Gane Aikin Ɗan Majalisa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

A nan Birtaniya, duk abin da ɗan majalisa ya faɗa a zaure ana rubuta shi a kundin Hansard, cikin 'yan sa'o'i ya hau intanet, kuma in aka ƙirga ƙuri'a sunan kowa na fita da ɓangaren da ya bi. Sai dai ba shi da ikon ƙara ko kwabo a kan abin da gwamnati ta nemi kashewa. Namu na Abuja suna da wannan iko, amma da bidiyon minti biyu na WhatsApp muke auna su.

Mu ɗauki kasafin 2024. Shugaba Tinubu ya gabatar da naira tiriliyan 27.5 ranar 29 ga Nuwamba, 2023. Majalisa ta amince da tiriliyan 28.7 ranar 30 ga Disamba. Wannan ƙarin ba a muhawarar da kuke gani a talabijin aka yi shi ba. Waccan karatu na biyu ce, kowa ya samu 'yan mintuna ya yaba ko ya kushe manufofin kasafin, ba a taɓa adadi ko ɗaya. Aikin yana kwamitoci ne, inda ministoci da shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafinsu, daga nan rahotanni su tafi kwamitin kasafi. A can ake cire hanya a sa rijiyar burtsatse, a can ake cusa fitilun sola a kasafin wata cibiyar bincike da babu ruwanta da fitila. Kafin takardar ta dawo zaure an gama yanka, sai ƙuri'ar murya da buga guduma. Saboda haka wakilin da ya ƙware da tada jijiyar wuya a zaure amma ba ya zaman kwamitinsa, ihu ne bayan hari.

Batun Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya isa misali. A Maris 2024 ya yi hira da BBC Hausa, ya yi zargin cewa akwai kusan tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Shugaban kwamitin kasafi, Sanata Solomon Adeola, ya amsa cewa kuɗin na hukumomin da ake ware wa kasonsu kai tsaye ne, irin su INEC da ɓangaren shari'a da ita kanta majalisar, waɗanda ba a fayyace kasafinsu dalla-dalla a babban littafin. Ranar 12 ga Maris aka dakatar da Ningi wata uku. A ganina tambayarsa tana kan hanya, domin amsar ma ta nuna akwai maƙudan kuɗin da talaka ba ya ganin yadda aka rarraba su. Inda ya yi rauni shi ne lokaci: an riga an sa hannu kan kasafin tun 1 ga Janairu. Da a Disamba ya tashi a zaure da lambar shafi da layi, da ya fi wuya a mayar da maganar ta zama ta ladabtarwa.

Gyaran tsarin mulki kuwa lissafinsa daban. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, ba na waɗanda suka halarta ba: sanatoci 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Wanda ya ƙi zuwa ranar, tamkar ya ce a'a ne, kuma da yawa sun san wannan dabara. Ranar 1 ga Maris, 2022 an kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori 68, na ƙarin kujerun mata suka faɗi. An aika 44 jihohi, domin kowanne sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda. Buhari ya sa hannu kan 16 a Maris 2023, ciki har da waɗanda suka bai wa jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari. 'Yancin kuɗi na ƙananan hukumomi ya wuce a Abuja, ya je ya maƙale a majalisun jihohi, inda idon gwamna ke kan kowa. Sai a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kai.

A majalisa ta goma, Sanata Barau Jibrin da Benjamin Kalu na majalisar wakilai aka ɗora wa jagorancin kwamitocin gyaran. Duk ƙudurin da ya tsallake hannunsu da ƙuri'ar zaure a Abuja, gaban ɗan majalisar jiharku zai sauka, wannan da kuke haɗuwa da shi a wurin ɗaurin aure. In ya zo gaisuwa, ku tambaye shi wane kwamiti yake, kuma ya faɗa muku da bakinsa ina ya jefa ƙuri'arsa ranar da aka kawo maganar asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi.

A gaida mutanen gida. Wassalam.